Famfunan da Injiniya Bashir Ya Zaɓa

Har yau ranar da muka zauna zaɓen sababbin famfuna tana nan a raina, lokacin ina shekarata ta biyu a matatar ruwan teku.

Ga wanda bai san aikin ba, ruwan gishiri muke turawa da ƙarfi ta cikin rariya mai tsananin ƙanƙantar ido, gishirin ya tsaya, ruwan sha ya wuce. Famfunan da ke wannan turin su suka fi komai cin lantarki. Namu sun tsufa, aka ce a sauya.

Bayan gwaji, iri biyu suka rage. Na farko dangin tsofaffin ne, ma'aikatanmu sun san kansu. Na biyu kuwa yana da na'urar da ke karɓe ƙarfin ruwan gishirin da za a mayar teku, ta sake tura sabon ruwa da shi, sai cin wuta ya ragu sosai. Amma kamfanin da ya ƙera shi ne zai riƙa gyaransa. Ma'ana, za a rufe sashen gyaran famfo.

Shugaban sashen shi ne Injiniya Bashir, dattijo Bazazzagi. Shi ya karɓe ni da na zo Dubai, a gidansa na unguwar Al Muraqqabat nake shan ruwa duk azumi. Bizarsa da ta iyalinsa a kan aikin nan suke, ga autarsa tana tsakiyar karatu.

A hanyar ɗakin taro na tare shi, na ce ba wanda zai ga laifinsa in ya zaɓi na farko, tunda shi ma ba shi da aibi. Ya ce, "Hadiza, ni ma na kwana biyu ina faɗa wa kaina haka."

Da aka zauna, manajanmu, wani Balarabe mai gaggawa, ya ce, "Yalla, maza, Bashir, kai ka fi kowa sanin wurin nan." Baba Bashir ya daɗe yana murza hularsa. Daga nan ya bi sakamakon gwajin dalla-dalla, ya ce na biyu ya fi, ba kusa ba. Abu ɗaya ya roƙa, a rarraba yaransa na wurin aiki a wasu sassan kafin a rufe nasu. Manajan ya tambaye shi, shi fa? Ya ce wannan kuma ba maganar famfo ba ce.

An yi wa yaran yadda ya roƙa. Shi kuwa ya tsaya har aka kafa famfunan, ya ga sun tashi lafiya, sannan ya koma Zariya. Can autar ta ƙarasa karatunta.

Tun daga nan na gane cewa a aikinmu gano injin da ya fi kyau ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce mutum ya buɗe baki ya faɗa, alhali ya san abin da faɗar za ta ja masa.