Birkin Motar Makara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina fitowa daga sallar asuba aka tare ni da labarin: Baba Issaka Fita, tsohon makaniken unguwarmu, ya rasu.



Ni nake tuƙa tsohuwar a-kori-kurar masallacinmu na unguwar Maamobi, wadda ke kai gawa maƙabarta. Tun kafin in karɓi makullinta Baba yake gyara ta, ko bayan da ciwon suga ya cinye masa ido bai daina ba. Kullum na je sai ya raba kokonsa da ƙosai biyu, ya tura min rabi.

Watan jiya ta fara karkarwa in na taka birki a gangarar Kanda, ga mutane cike a baya. Baba ya shafa faifan birkin da babban yatsa, ya ce ya lanƙwashe, a sayo sabo. Na kawo, na miƙa masa sifanar kwance noti. Ya ƙi karɓa.

"Kai za ka yi. Ni kujera zan zauna."

Na ce Baba, ni direba ne fa. Ya ce, "To direba ba shi da hannu?"

Na ɗaga jak, na cire taya, na kwance tsohon faifai, gumi har cikin ido. Da na ɗora sabon ina ta jin kaina, har hoto na ɗauka don status. Baba ya ce in kai hannunsa wurin. Ya shafa sau ɗaya, ya shinshina yatsa.

"Chale, abokina, ba ka wanke man kamfani ba. Haka za ka ɗauki mutane?"

Wallahi ni mai ido biyu ban ga komai ba. Ashe da wani siririn mai ake shafe sabon faifai saboda tsatsa, in ba a goge ba birki sai ya yi santsi. Na sake kwancewa, na goge tas. Kafin in tayar da mota ya sa na yi ta taka birki har ya yi tauri. Ya ce, "Gawa ba shi tsoron komai. Masu rai na baya nake jiye wa."

Al'adarsa ce, duk birkin da aka gyara a gabansa shi ke fara hawa motar. Ranar ya gaji, ya ce in je in gwada ni kaɗai. "Ran da za ka ɗauki mutane, ka zo ka ɗauke ni."

Tun ranar ba a yi rasuwa a unguwa ba.

Yau bayan azahar zan je in ɗauke shi.

Allah Ka gafarta wa Baba Issaka, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ku haɗa da ni, Allah Ya sa hannuna kada ya yi rawa a gangarar nan.