Jigida a Wuyan Baturiya

Shekarun da aka fara sako ruwan madatsar Bakolori ina zawarci a gidanmu a Talata Mafara. Sana'ata shirya duwatsun ado a zare: sarƙar wuya, abin hannu, jigida. Mata bakwai nake koya wa, duk matan aure, waɗanda mazansu suka yarda su riƙa zuwa da hantsi don an san gidanmu da kamun kai. Ni da Allah bai ba haihuwa ba, su ne hayaniyar tsakar gidana, kuma ina son su har raina.

Wata rana za ni suna Bakura, a hanya na ga ruwa kwance a sabuwar magudanar siminti, shinkafa kore shar a gefensa, balbelu sun jeru, alhali tsakiyar rani ake. Ina dawowa na zuba abin a zare: shuɗi uku, kore biyu, fari ɗaya. Jigidar ta karɓu, kafin damina ta faɗi ta shiga kowace unguwa. Da yake ƙarƙashin zane take zama, kowace mace na ganin ita kaɗai ke da irinta. Ni kuwa na ja bakina na tsuke.

Sai ga wani kuku ɗan Maradun ya kawo mini matar maigidansa, Baturiya, mijinta na cikin masu aikin madatsar. Na baje mata sarƙoƙi a faifai, ta tsallake su duka ta ɗauki jigida. Na ce a raina, ashe su ma sun san zaman duniya.

Ranar Talata na shiga kasuwa sayen zare, na hango ta a layin mahauta. Ta naɗe jigidata sau biyu a wuya, a kan farar riga, tana tafe tana rabon murmushi. Wuƙaƙe suka tsaya cak. Kowane mahauci ya san abin, kowa kuma ya ɗauka a ɗakinsa kaɗai yake. Da sun yi shiru da an wuce wurin, amma ɗaya daga cikinsu, mijin wata ɗalibata, mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa, ya ɗaga murya:

“Kai! Wagga ai irin ta ɗakina ta!”

Na kusa da shi ya ce, “Taka ko tawa?”

Suka tsaya kallon kallo. Na yar da zaren na kama hanyar gida.

Kafin magariba an hana ɗalibaina biyar zuwa, wai na kai asirin gari kasuwa. Na yi kuka, na kuma yi zagi, ba zan ɓoye ba. Na aika aka kira kukun, na ce ya gaya wa uwar ɗakinsa inda ake sa abin. Ya dafe ƙirji ya ce, “Ni in hwaɗa ma matar maigida wagga magana? Gara a kore ni!” Dole na je da kaina. Na cire mata daga wuya, na ɗaura mata a ƙugu, ta gyaɗa kai tana ta godiya. Talatar da ta zagayo ta shigo kasuwa da ita a ƙugun, a kan wando. Sauran biyun ma aka hana su.

Kwana tara tsakar gidana shiru, sai kaji. Sannan tsofaffi suka fara sallama da saƙo: kowace mace a garin ta tsinke tata, tana son sabuwa wadda babu mai irinta. Tun daga nan ban sake maimaita tsari ba. Na kwaikwayi gashin zabo, zangarniyar gero, har bayan ƙadangare. Amma a lokacin cewa na yi hannuna biyu ne, ko dutse ɗaya ba zan zura ba sai an maido mini ɗalibaina.

Mahaucin nan mai baki shi ya fara zuwa zaure. Ya gaida ni, ya gaida gida, ya gaida gajiya, ya koma ya sake daga farko, gumi na tsattsafo masa.

“Malama, kan abin nan na.”

“Wane abu?” na ce, ina kallonsa ido cikin ido.

Ya dubi rufin zaure, ya dubi takalmansa.

“Gobe da hantsi mai ɗakina tana tahe, ni da kaina ka rako ta. Amma don girman Allah, a yi mata wadda ko ni ba ni ganewa.”