Mma ta canza murfin injina da baho

Na dawo daga kanti da gwangwanin jan fenti, sai na tarar babu murfin injin tasina a inda na shanya shi.

Kwana biyu ina goge shi da samfefa a tsakar gida, wai don kar in kai wa makanikan Magazin su yi ta ce min in dawo gobe. Na fesa fentin farko mai ruwan toka, na jingina shi a bakin ƙofa ya sha rana.

Mahaifiyata tana zaune tana wanke shinkafa a wani sabon baho.

"Mma, ina ƙarfen da na ajiye nan?"

"Wannan tarkacen? 'Yan kondem masu sayen tsohon ƙarfe sun wuce, na ba su. Dubi bahon da suka ba ni!"

"Mma, murfin injina ne fa!"

"To wa ya ce ka ajiye shi kusa da shara?"

Na zaga unguwanni daga Zongo har Krofrom, ko ƙeyarsu ban gani ba. An ce narka ƙarafan ake yi a ƙera tukwane. Ga mota a tsaye, ga fenti a hannu.

Jama'a, duk wanda ya sayi sabuwar tukunya ya ji tuwonsa na warin baƙin mai, ya yi min magana a nan. Murfina ne.