Gayauna a cikin injin ƙyanƙyasa

Jiya da hantsi Baba ya kira ni daga Bagwai. Allon injin ƙyanƙyasar da na haɗa masa ya sandare, ga ƙwan zabinsa saura kwana uku su ƙyanƙyashe.

Na ce ya sa hannu ciki ya ji. Ya ce, "Da ɗumi."

Na ce, "To Baba, kwantar da hankalinka. Ƙwaƙwalwar injin ɗaya ce, amma na raba ta biyu, kowane ɓangare da manhajarsa. Ɗaya na kula da allo, ko ya makara ba komai. Ɗayan kuwa zafi kaɗai yake gadi, ba ya jinkirin ko daƙiƙa, kuma ba mai aikensa wani wuri."

Sai ya fashe da dariya. "Au, gayauna kika yanka masa a cikin gandu, 'yar gonarsa ta kansa! Ai mai gayauna ba ya barin tasa ta bushe don ana rigima a gandu."

Shekara huɗu ina jami'a, ba malamin da ya fayyace min wannan rabon haka. Ni kuwa nake ta ɓoye masa karatuna, wai ba zai gane ba.

Ku fa, wane karatu iyayenku suka riga ku sani?