Ranar da Malam Abdulsalam ya kashe ƙyalli

Malam Abdulsalam mai goge zobe ne a Bukan Sidi. Tun yana saurayi yake goge azurfa da duwatsun wuya na mata, har hannunsa ya daina jiran izini. Makullin da aka ba shi ajiya da ƙyalli yake komawa. Wani ya taɓa mance butar ƙarfe a rumfarsa, da ya dawo sai ya rantse ba tasa ba ce.

'Yarsa Zahra tana digiri na biyu a kimiyya, kan wasu duwatsu masu kama da gilashi, sirara kamar tsinken ashana. Irinsu ake jerawa cikin na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki. Idan hasken da ido ba ya gani ya fito daga jikin majiyyaci ya bugi dutsen, sai ya yi ɗan walƙiya, na'ura ta kama. Malaminta ya samo mata kaɗan daga waje, wasu masu santsi, wasu an kankare gefensu da gangan, don ta gwada wanne ya fi kai hasken inda ake so. Idan sun lalace, babu wasu kafin ranar da za ta kare aikinta a gaban masu jarrabawa.

Wata Asabar ta bar akwatin a falo ta tafi ta'aziyya Kwandere. Baban ya buɗe, ya ga rabin duwatsun dishi-dishi, ya ji tausayin Turawan da ba su iya ƙarasa aiki ba. Kafin la'asar ya ƙarasa musu, ya goge su tas. Da Zahra ta dawo sai ta buɗe akwatin.

"Baba, waɗanda ba su da santsi fa?"

"Ga su nan. Ba sai kin gode ba."

Zahra ta zauna a ƙasa. Ta ce masa ai kaushin ne rabin binciken. Dutse mai santsi ta ko'ina yakan riƙe wani hasken a ciki yana ta kewaya, kaushin ke watsa shi ya samu hanyar fita.

"To abin da ya fi kyau shi ne bai yi ba?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Shi nake son in auna."

Washegari ta kawo samfefa, takardar yashin nan ta kankare abu, mafi laushi, ta tsaya a kansa tana nuna gefen da zai ci. Ya yi aikin yana kau da kai kamar mai yankan ragon da ya kiwata. Kaushin bai zo daidai da na kamfani ba, dole ta rubuta gaskiyar yadda aka yi shi. Masu jarrabawa suka ja ta da tambayoyi, a ƙarshe suka bar ta ta wuce.

Ta gaya masa ta sa sunansa a shafin godiya, a matsayin wanda ya kankare duwatsun.

Ya ɗauki wani zobe yana murzawa a gefen rigarsa.

"Ki cire, Zahra. Kar 'yan kasuwa su ji cewa aikina ne."