Aswakin da Na Cusa a Injin Alhaji Sabo

Cikin ranakun da na yi a wannan gareji, ban taɓa mantawa da ranar da na buɗe bonet a bakin hanyar Lambata na ga abin kunyata da idona ba. Shekara uku ke nan, bayan ƙaramar salla. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka shigo sana'ar bayanmu.

Alhaji Sabo dillalin doya ne a nan Suleja. Yana da tsohuwar a-kori-kura da ke ɗauko masa kaya daga ƙauyuka, direbanta kuma Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, shekararsa bakwai da motar. Injinta mai kafireta biyu ne. Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, kuma daidaita guda biyu aiki ne mai cin rai. Na ce wa Alhaji zan mayar da ita guda ɗaya, ya huta. Ban taɓa yin irin aikin ba, amma ban faɗa masa ba. Laifina na farko ke nan.

Na zana farantin da zai haɗa kafireta ɗayar da inji a kwali, mai walda ya yanko mini shi a ƙarfe, na ɗora kafiretar a kai. Sai wani ɗan rami ya rage a jikin bututun da ke kai iska cikin inji, inda wani tiyo yake a da. Ƙa'ida a toshe shi da noti, domin duk iskar da ta shiga ba ta kafireta ba, iskar sata ce, tana rikita inji. Ban sami noti daidai da shi ba, ga la'asar ta yi. Na karya aswakin da ke bakina na buga a ramin, da niyyar gobe in canza. Gobe ta zo, na manta.

Mako biyu mota lafiya. Daga nan Bitrus ya fara dawowa.

"Oga Haruna, motar nan in ta yi zafi sai ta dinga ihu ita kaɗai. In na tsaya a go-silo kuma ta mutu."

Ni kuwa da safe yake kawo ta, inji da sanyi, in tayar in ji ta sumul. Na ƙara mata mai a kafireta don ta daina mutuwa. Ta rage mutuwa, ta koma shan fetur kamar rijiya. Nan Alhaji ya kira ni gefe.

"Haruna, tsakaninka da Allah, aikinka ne ko yaron nan ne?"

Na ce, "Alhaji, a gabana dai lafiya take. Abin da ake yi mata a hanya ne ban sani ba."

Ban ce ɓarawo ba, amma abin da na dasa ke nan, kuma ni ma na fara yarda da shi. Na ga jarka a bayan motar, na ce to, ga inda fetur ke tafiya. Na ji an ce an ga Bitrus a garin Maje tsaye da wani makanike, na ce ashe. Har fenti na ɗiga a kan sukurun kafireta don in kama shi in ya taɓa. Ya dawo fenti na nan yadda na sa, sai na ce a raina wayo ne, ya samo irin fentin. Shi ma ya daina zama a bencinmu, in ya kawo mota sai ya tsaya yana kallon hannuna.

Wata Laraba Alhaji ya ce masa ranar Juma'a ya ajiye makulli. Washegari Bitrus ya zo tun ban buɗe akwatin kaya ba.

"Oga, 'ya'yana huɗu. Ban roƙe ka komai ba, abeg ka shigo mu je Lambata tare. In ni ne, ka kama ni da hannunka."

Na shiga, kuma wallahi da niyyar kama shi na shiga. Ba mu yi nisa ba inji ya ɗau zafi ya fara ihu. Muka tsaya a gefe. Na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na huda murfin gorar ruwa, na zuba fetur kaɗan, ina ɗiga shi a hankali a kan kowace mahaɗa, inji na aiki. Inda iska ke sata, inji zai zuƙi fetur ɗin, muryarsa ta canza. A gefen farantina muryar ta ɗan canza, don ƙarfen bai kwanta daidai ba. Da na kai ƙasan bututun kuwa sai inji ya zabura. Na leƙa. Aswakina ne, ya bushe ya ƙanƙance, yana rawa a rami.

Na zare shi da filaya na jefa a aljihu. Shaiɗan ya ce mini in ce wani tiyo ne ya tsage. Bitrus na tsaye a kaina.

"Oga, wannan ba irin wanda kake taunawa kullum ba ne?"

Na kasa ɗaga kai.

Na toshe ramin da noti da tsumma muka lallaɓa muka dawo. Na yi wa ramin zaren da noti zai kama, na ɗaure shi da noti na gaske, na kai faranti aka goge shi ya kwanta, na yanka sabon gasket, takardar da ke hana iska shiga ta mahaɗa, na mayar da mai yadda yake. Gyaran duka bai kai awa uku ba. Zuwa wurin Alhaji ne ya fi mini nauyi. Na same shi a rumfarsa da mutane, na ajiye aswakin a kan tabarma na faɗi komai, har da fentin.

Alhaji ya kalli aswakin ya ce, "Saura kwana ɗaya ka sa ni cin haƙƙin bawan Allah."

Makulli ya zauna a hannun Bitrus. Motar kuwa ba ta sake shigowa garejina ba, kuma ban ga laifin Alhaji ba. Bitrus ya yafe mini, sai dai har yau in ya wuce yakan leƙo ta taga ya ce, "Oga Haruna, a ajiye mini aswaki ɗaya, taya ta yi faci!"

Direba ba shi da bakin kare kansa a gaban makanike, domin mai mota mu yake ji. Saboda haka in mota ta dawo bayan aikinku, ku fara ɗiga fetur a kan abin da hannunku ya taɓa kafin ku kalli wanda ya tuƙo ta.