Yadda Na Salwantar da Shanun Huɗar Mahaifina

A wancan lokacin gyaran waya da kwamfuta nake yi a Rano, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Kullum hannuna na kan ɗan guntun nan da muke kira ƙwaƙwalwar na'ura, sai na ɗauka na san kamfanin da ke ƙera shi ciki da waje.

Al'adar mahaifina a Rurum, idan shanun huɗarsa suka manyanta sai ya sayar da su bayan kaka, ya sayi 'yan bijimai kafin ruwa ya sauka. A shekarar ya damƙa mini kuɗin in ajiye masa a banki. Ni kuwa ba abin da nake karantawa a waya sai hasashen masu zuba jari, wai kamfanin zai sayar da kaya fiye da bara, zai ƙara farashi, riba za ta hau. Zuciya ta raya mini in juya kuɗin tsawon wata uku, in kawo wa Baba bijimai huɗu maimakon biyu. Na zuba su kaf a hannun jarin kamfanin ta manhajar waya, har na zaɓi tsarin da ke ninka riba, ban kula haka yake ninka asara ba. Ko matata ban gaya wa ba.

Da rahoton kamfanin ya fito, ciniki ya ƙaru kam, amma sai da suka karya farashi saboda abokan gasa, ribar ba ta kai hasashe ba. Kafin in farga hannun jarin ya zube, abin da ya rage ko maraƙi ba zai saya ba. Na yi ta zille wa Baba har damina ta kankama. Ranar da na je Rurum, na tarar da tsohon nan a duƙe da garmar hannu, rabin gonar ciyawa ta cinye. Na tsuguna ina bayani, wai kamfanin fa ya ci riba, hasashen ne bai cika ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Su masu hasashen, nasu shanun suka sa?"

Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Na gane iya gyaran abu daban, sanin kasuwarsa daban, kuma hasashe ba alkawari ba ne. Ɗan'uwa mai karatu, kada ka gwada zurfin ruwa da amanar wani. Ni har yau ko saƙon goro Baba bai ƙara ba ni ba.